Yadda Ake Saita Hannu da Allurar Garmaho Ba Tare da An Cinye Faifai Ba

A shekarar 2022, a karo na farko tun 1987, faifan garmaho ya fi faifan CD sayuwa a Amurka. Ƙungiyar kamfanonin ɗaukar sauti ta ƙasar, RIAA, ta ƙidaya kwafi miliyan 41 na garmaho, na CD kuwa miliyan 33. Wannan dawowar ta sa tsofaffin na'urori sun fito daga ɗakunan ajiya, sababbi kuma sun cika kasuwa, masu kyau da marasa kyau.

A nan gida batun ya wuce ƙawa. A shekarun 1970 kamfanoni irin su EMI da Decca suna fitar da faya-fayai a Legas, waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos ma sun fita a kan faifai. A kan faifai Fela Kuti ya saki “Zombie”, waƙar da ta fusata sojoji har suka far wa gidansa a watan Fabrairun 1977, gidan ya ƙone da kayan ɗaukar sautin da ke ciki. Idan kaset ɗin asali ya ƙone ko ya ɓace, faifan da ya rage a akwatin wani dattijo ko a ɗakin ajiyar gidan rediyo shi ne shaida.

Sai dai faifai ya bambanta da waƙar da ke cikin waya. Duk lokacin da aka saka shi, allura ce ke taka jikinsa. Idan an saita ta daidai, faifai zai jure saurare ɗaruruwa. Idan an saita ta a karkace, za ta kankare sautin, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Wannan maƙala ta bi matakan saitin ɗaya bayan ɗaya, tare da dalilin kowanne.

Abin da ke faruwa a cikin kwari

A kowace fuskar faifai akwai kwari guda ɗaya, kamar kwarin kunya a gona, wanda ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Faɗinsa bai fi kaurin silin gashi ba, tsawonsa kuwa yakan kusa rabin kilomita. Siffarsa irin ta harafin V ce. A faifan sitiriyo, bangon da ke ɓangaren tsakiyar faifai yana ɗauke da sautin lasifikar hagu, na ɓangaren baki kuma na dama. Aikin allura shi ne ta zauna a tsakanin bangayen biyu, ta bi kowace lanƙwasa ba tare da ta rabu da ɗayansu ba.

Tsinin allurar ɗan ƙanƙanin daimon ne, an manna shi a kan siririn kara. Karan ya shige cikin wani ɗan akwati, gidan allura, wanda masu sayarwa ke kira katirij. A ciki akwai maganaɗisu da naɗin waya, motsin karan ne ke sa su haifar da 'yar wutar lantarki da za ta zama sauti. Gidan allura yana ɗaure a jikin maƙali, maƙalin yana kan hannu, hannun yana juyawa a kan gindinsa, a bayansa kuma akwai dunƙulen ƙarfe da za mu kira dutsen baya. Faifan yana kwance a kan faranti, tsinken tsakiya ya riƙe shi.

Za mu ɗauki Technics SL-1200 a matsayin misali. Ta fito a 1972, samfurinta na biyu, MK2, ya biyo baya a 1979, kuma gidajen rediyo da masu kiɗan biki a faɗin duniya sun daɗe suna aiki da ita. Ka'idojin ɗaya ne a kan kowace na'ura mai hannun da ake iya saitawa, lambobi ne kawai ke canjawa.

Zaɓen gidan allurar da ya dace da hannu

Gidan allura iri biyu ne suka fi yawa. A nau'in MM maganaɗisu ne ke motsi. Yana ba da wuta kimanin milibolt 3 zuwa 5, ana iya zare allurarsa a sauya, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa. A nau'in MC naɗin waya ne ke motsi. Wutarsa takan gaza rabin milibolt, ya fi tsada, kuma idan allurarsa ta ƙare sai an mayar da shi wurin masu gyara.

Akwai kuma batun nauyi da laushi. Karan allura yana zaune a kan 'yar roba mai lotsawa, hannu kuma yana da nauyi, don haka su biyun suna da saurin lilo na kansu, kamar mota a kan sifirin. Ana son wannan lilo ya kasance tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wato 8 zuwa 12 Hz. Idan ya yi ƙasa da haka, kowane tudu a jikin faifai ko takun mutum a ɗaki zai girgiza hannun. Idan ya yi sama, zai shiga cikin kiɗan da kunne ke ji, wanda ke farawa daga wajen 20 Hz.

Lissafin mai sauƙi ne. A haɗa nauyin hannu da na gidan allura da na noti, a ninka da lambar laushin da kamfani ya rubuta, a nemo lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla, sannan a raba 159 da ita. Hannun SL-1200 MK2 giram 12 ne, gidan allura na Ortofon 2M Red giram 7.2, da noti sun kusa giram 20. Laushinsa 20. Ashirin sau ashirin 400 ke nan, lambar da ake nema 20, amsa kuma kusan 8. Sun dace da juna.

Mataki na farko: mazauni da gudu

Kafin a taɓa hannu, a tabbatar na'urar tana zaune daidai. A ɗora lebur irin na magina, mai ƙwayar iska a cikin ruwa, a kan farantin, a auna hagu da dama, gaba da baya, ana murɗa ƙafafun na'urar har ƙwayar ta tsaya a tsakiya. Idan faranti ya jirkice, nauyin hannu zai riƙa jan allura gefe guda, duk awon da zai biyo baya zai zama aikin banza. Kada a ajiye na'urar a kan teburi ɗaya da lasifika, domin girgizar lasifikar za ta koma cikin allura.

Sai gudu. Babban faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyi 33 da sulusi a minti. Ƙarami, na RCA Victor a 1949, yana juyi 45. Gwajin bai buƙatar komai sai agogo: a manna 'yar takarda a bakin faranti, a ƙirga. Juyi 100 a minti uku shi ne daidai.

Wanda ya sayi na'urar gwanjo ya kula a nan. Wutar Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Wasu na'urori masu bel suna ɗaukar gudunsu kai tsaye daga bugun wuta, don haka wadda aka ƙera wa Amurka za ta riƙa juyi 27.8 a Kano ko Maraɗi, muryar mawaƙi ta yi nauyi kamar mai jin barci. Taransifoma zai rage ƙarfin wutar zuwa bolt 120 da na'urar ke so, amma ba zai gyara gudun ba, sai an sauya ɗan kunkurun da bel ke zagaya. Irin wannan na'ura kuma tana bin hawa da saukar janareta. Wadda ke da makullin kwatz, kamar SL-1200 MK2, tana riƙe gudunta da kanta.

Mataki na biyu: ɗaura gidan allura

A bar murfin allura a kanta, a zare maƙalin daga hannu idan yana zaruwa. Wayoyi huɗu ne sirara, launinsu ɗaya a duk duniya: fara ta hagu, shuɗiya abokiyarta, ja ta dama, koriya abokiyarta. A kama kowace da matsefata ta wurin ƙarfen bakinta, a tura a kan ƙusar da ke da launi ɗaya da ita. Kada a ja waya ta jikinta, kada kuma a yi walda a kan ƙusoshin, zafi yana tsinka naɗin da ke ciki.

Noti biyu ne ke riƙe gidan allura, tsakaninsu milimita 12.7, a cikin dogayen ramuka da ke ba shi damar matsawa gaba ko baya. A ɗaure su sama-sama tukuna, yadda zai iya motsi idan an tura shi da yatsa.

Mataki na uku: nauyin dannawa

Wannan shi ne nauyin da allura ke danna faifai da shi, kuma shi ne awon da ya fi kowanne tasiri. A mayar da makunnin zamiya, wanda bayaninsa ke tafe, kan sifili. A cire murfin allura, a saki hannun, a riƙe shi da yatsa ta kan maƙali. A murɗa dutsen baya har hannun ya tsaya a iska a miƙe, bai nutse ba bai tashi ba, kamar sikeli babu kaya. A mayar da shi mazauninsa a kulle. A riƙe dutsen kada ya motsa, a juya zoben lambobi shi kaɗai har sifili ya zo kan layi. Daga nan sai a murɗa dutsen gaba ɗaya da zobensa zuwa ciki har lambar da ake so.

Lambar tana cikin takardar kamfani. Audio-Technica AT-VM95E tana son giram 1.8 zuwa 2.2, an fi son 2.0. Ortofon 2M Red tana son 1.8. Zoben lambobi yakan yi kuskure, musamman a tsohuwar na'ura, don haka ɗan sikelin lantarki mai karanta kashi ɗaya cikin ɗari na giram ya cancanci kuɗinsa. A auna a daidai tsayin da faifai zai kasance.

Mutane da yawa suna rage nauyi don tausayin faifai, alhali ragewar ce ke cutar da shi. Allurar da ba ta da isasshen nauyi tana tsalle a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi, ta rabu da bango ta dawo ta doke shi, sau dubbai a daƙiƙa, tana sassaƙa shi kamar gizago. Idan ana shakka, a karkata zuwa saman iyakar da kamfani ya ba da. Tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan hannu don hana tsalle ita ma ɓarna ce: tana danne karan allura, ta kashe robarsa, ta niƙe kwarin.

Mataki na huɗu: zarcewa da kusurwa

Injin da ke yanka faifan asali yana tafiya ne a miƙe daga baki zuwa tsakiya. Hannun garmaho kuwa yana juyawa a kan gindi, don haka allurarsa baka take zanawa. Saboda haka ba zai yiwu ta fuskanci kwari daidai a ko'ina ba. Abin da ake iya yi shi ne a sa ta yi daidai a wurare biyu, a rage kuskuren a sauran. Dabaru biyu ne ke kawo haka: a karkata gidan allura zuwa ciki, a kuma sa tsininta ya zarce tsinken tsakiya kaɗan. A SL-1200 MK2, daga gindin hannu zuwa tsinke milimita 215 ne, zuwa tsinin allura 230, zarcewa ke nan milimita 15, karkatar kuma digiri 22.

Masana uku ne aka fi bin lissafinsu. Erik Löfgren na Suwidin ya wallafa nasa a 1938, H. G. Baerwald a 1941, J. K. Stevenson a 1966. A tsarin Baerwald wuraren biyu suna milimita 66.0 da 120.9 daga tsakiyar faifai, kuma yana raba kuskuren daidai a duk fuskar. Tsari na biyu na Löfgren ya sa su a 70.3 da 116.6, ya fi tsabta a tsakiyar fuska amma ya fi rauni a ƙarshe. Stevenson ya sa su a 60.3 da 117.4 don ya kare waƙar ƙarshe.

Dalilin damuwa da ƙarshen faifai shi ne gudu. A bakin faifai kwari yana wucewa ƙarƙashin allura da saurin santimita 51 a daƙiƙa, a ciki kuwa 21 kacal. Sauti iri ɗaya ne aka cusa a filin da bai kai rabi ba, lanƙwasa ta matsu, ƙaramin kuskure ya fito fili. Shi ya sa na'urar da ba a saita ba takan fara faifai lafiya ta ƙare shi da shaƙaƙƙiyar murya.

Technics tana zuwa da ɗan ma'aunin roba: a zura maƙali a ciki, a matsa gidan allura har tsininta ya kai milimita 52, a tabbatar ya miƙe da gefen maƙalin. Sakamakonsa yana kusa da na Stevenson. A sauran na'urori ana amfani da takardar awo mai rami na tsinke da ɗigo biyu, kowanne da layuka kewaye da shi. Idan bugawa aka yi a firinta, a gwada ta da rula, domin injin yakan rage girman shafi. A kashe na'ura, a tokare faranti kada ya juya, a sauke allura a ɗigon waje, a juya gidanta har karan ya bi layin. A ɗaga hannu, a koma ɗigon ciki. Idan bai yi daidai ba, a matsa gidan gaba ko baya da ƙasa da milimita guda, a sake daga farko. Karan allura ake dubawa, domin jikin akwatin yakan ɗan saɓa masa. Kada a taɓa murɗa gidan alhali allura tana kan takarda. Idan wuraren biyu sun yarda, a ɗaure noti bi da bi, kaɗan-kaɗan, sannan a sake auna nauyin dannawa, tunda matsawar ta canja shi.

Mataki na biyar: tsayin hannu

A ɗora faifan da ba a jin asararsa, a sauke allura, a durƙusa a duba daga gefe. Bututun hannun ya kamata ya yi daidai da fuskar faifai, gaba da baya tsayi ɗaya. Katin da aka ja wa layuka, a tsayar da shi a bayan hannun, yana taimaka wa ido. Idan gindi ya yi sama da yawa sauti yakan sirance ya yi kaifi, idan ya yi ƙasa yakan yi nauyi ya dushe. A SL-1200 MK2 akwai zobe a gindin hannu mai ɗagawa har milimita 6. Inda babu zobe, ana canja kaurin tabarmar faranti ko a sa wani ɗan falle tsakanin maƙali da gidan allura.

Kada wannan ya zama waswasi. A hannu mai tsawon milimita 230, sai an ɗaga gindi da milimita 4 kafin kusurwar allura ta canja da digiri ɗaya. Bambancin kaurin faifai da faifai bai kai a sake saiti ba. Allura mai zagayayyen tsini ma ba ta cika damuwa da wannan ba, masu siririn tsini ne suka fi nuna shi.

Mataki na shida: tsayuwar allura

Idan aka dubi allura daga gaba, ana so ta tsaya cak, ba ta jingina hagu ko dama ba. Idan ta jingina, bango ɗaya zai fi shan matsi, sautin hagu ya riƙa yoyo cikin dama. A kwantar da siririn madubi a kan faranti, a sauke allura a hankali: ita da hotonta su zama layi ɗaya miƙaƙƙe. Gwaji na biyu na kunne ne. A saka faifan mono, mai sauti ɗaya, kamar yawancin tsofaffin faya-fayai. Muryar ta tsaya a tsakiyar lasifika biyu. Maƙalin da ke zaruwa yakan ɗan juya a wuyansa kafin a ɗaure, sau da yawa wannan ya isa gyara.

Mataki na bakwai: makarin zamiya

Saboda an karkata gidan allura, gogayyar kwari tana jan hannu zuwa tsakiyar faifai da ƙarfin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin dannawa. Idan ba a yi maganinsa ba, allura za ta danne bangon ciki ta sassauta wa na waje, ta cinye gefe guda. Makarin shi ne ɗan sifirin, ko maganaɗisu, ko nauyi mai rataye da zare, da ke jan hannun waje kaɗan.

A fara da sa makunninsa kan lamba ɗaya da nauyin dannawa. Sai a saurari wuri mai ƙarfi kusa da ƙarshen faifai. Idan lasifikar dama ce ke karkarwa, a ƙara, idan ta hagu ce, a rage. A kuma dubi karan daga gaba lokacin da allura ke sauka: idan ya kauce gefe, saitin bai yi ba. Gwajin sakin allura a kan faifai mai santsi marar kwari yana ruɗarwa, domin a can ƙasan tsini ne ke taɓawa, a cikin kwari kuwa gefunansa ne.

Mataki na takwas: hanyar sauti zuwa lasifika

Sautin da ke kan faifai ba yadda aka rera shi yake ba. Wajen yanka ana rage kaurin sauti don kwari ya samu wuri, a ƙara kaifinsa don ya rinjayi shuwa. A 1954 RIAA ta tsayar da ma'auni ɗaya na wannan, kuma dole ne wata na'ura ta mayar da shi yadda yake, ta kuma ƙarfafa wutar. Ita ce ke bayan ramin da aka rubuta wa PHONO a jikin amfilifaya. Idan aka soka garmaho a ramin AUX, za a ji sauti can ƙasa, siriri. Wasu sababbin garmaho suna da wannan na'ura a cikinsu, da makunni mai PHONO da LINE. Idan an sa LINE, a soka a AUX. Idan aka soka a PHONO, gyaran ya zama biyu, sauti ya fashe. Nau'in MM yana son juriya ta kilo-om 47, wadda ita ce ta yau da kullum, MC kuwa yana da nasa rami ko makunni.

Akwai siririyar waya ta daban, wayar ƙasa, da ake ɗaurawa a notin GND. Idan an manta da ita za a ji ƙugi marar yankewa. Idan an ɗaura ƙugin bai tafi ba, a nisanta wayoyin sauti daga na wuta, daga taransifoma da sitabilaiza.

Tsafta da tsawon ran allura

Daimon ma yana cinyewa. Audio-Technica ta ƙiyasta awa 500 ga zagayayyen tsini, 300 ga mai siffar ƙwai, 1,000 ga mafi siranta. Allurar da ta cinye tana fitar da kaifi kamar aska, don haka duk wanda ya sayi na'urar gwanjo ya sauya allura kafin ya ɗora faifan da yake ƙauna. Alamun ƙarewa su ne tsaki a kan harafin “s”, dushewar kaifi, da tsalle a faifan da a da ba ya tsalle.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba, kuma a hunturu bushewar iska tana sa faifai ya riƙa jawo ta kamar maganaɗisu. A share faifai da burushi mai laushi kafin kowane saurare, a share allura daga baya zuwa gaba kawai. Faifai mai datti a wanke shi da tataccen ruwa irin na batir, a kiyaye takardar tsakiya, ya bushe sarai kafin a saka. A jera faya-fayai a tsaye kamar littattafai, nesa da rana da rufin kwano. Faifan da aka bari a mota da tsakar rana a watan Afrilu yakan lanƙwashe.

Faya-fayan da suka girmi wannan saiti

Kafin 1948 faifai na juyi 78 ne, an yi shi da shalak, ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa, yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran. Kwarinsa ya fi faɗi, yana son tsini mai kimanin milimita 0.075, na faifan zamani kuwa 0.018. Siririyar allura za ta nutse ƙasan kwarinsa ta kwaso shuwa, mai kauri kuma za ta ɓata faifan zamani. Sinadarin giya yana narkar da shalak, kada ya kusance shi. Garmahon wani mai allurar ƙarfe yana dannawa da fiye da giram 100, zai halaka faifan roba a saurare ɗaya. Ƙananan na'urori masu siffar akwati da ake sayarwa da araha su ma suna dannawa da ninki biyu ko uku na abin da ya dace, kuma ba a iya saita su.

Akwai kuma faifan da gidajen rediyo ke yankawa da kansu kafin kaset ya yaɗu, farantin ƙarfe da aka shafe da wani fenti mai laushi. Sau da yawa kwafi ɗaya ne a duniya. Idan fentin ya fara tsagewa ko ɓarewa, kada a wanke shi, kada a saka shi, aikin ƙwararrun ma'aikatan adana tarihi ne.

Ga duk faifan da ba shi da na biyu, saurare na farko bayan an gama saiti shi ne lokacin kwafe shi a kwamfuta. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da 48 kHz da bit 24, ta fi son 96 kHz, a ajiye a fayil ɗin WAV ba tare da an goge shuwa ko an gyara komai ba. A ɗauki hoton takardar tsakiya da jakar faifan, a rubuta sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifai da inda aka samo shi. A ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. Daga nan sai a riƙa sauraron kwafin, faifan ya koma jakarsa.